Cushing, Ƙaramin Garin da Farashin Man Amurka Ya Rataya a Wuyansa: Tambayoyi da Amsoshi

Mai sauraron labaran kasuwanci ya saba jin an ce gangar ɗanyen mai ta tashi ko ta faɗi, kuma farashi biyu aka fi ambata, na Brent (man Tekun Arewa na Turai) da na WTI (man Amurka). Wannan na biyun yana da mazauni. Wani ɗan gari ne a jihar Oklahoma ta Amurka mai suna Cushing, wanda mutanensa ba su kai 9,000 ba. Ga amsoshin tambayoyin da mutum zai so yi game da shi.

Wai ina ne Cushing ɗin, kuma yaya garin yake?

Yana cikin gundumar Payne, kimanin kilomita 80 yamma da birnin Tulsa, kuma kimanin kilomita 110 arewa maso gabas da birnin Oklahoma City. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce mai ciyawa da jar ƙasa, ƙasar kiwon shanu, kogin Cimarron kuma yana ratsawa ta arewacinsa. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 8,300 da 'yan kai.

Tsakiyar garin tsofaffin gine-ginen jan bulo ne na zamanin da aka fara samun mai. Amma da ka fita kudu kaɗan, sai ido ya cika da fararen tankuna kewayayyu, layi bayan layi, har inda gani ya ƙare, shanu kuwa suna kiwonsu a bayan shingen waya. A bakin hanyar shiga garin akwai alamar da aka ƙera da ainihin bututan mai da bawul-bawul ɗinsu, an rubuta cewa nan ne mararrabar bututan mai ta duniya. Kirari ne da garin ya yi wa kansa, kuma ba a samu mai ja da shi ba.

Su wa suka kafa shi?

Kafin zuwan Turawa 'yan share-wuri-zauna, ƙasar tana hannun ƙabilar Sac da Fox, 'yan asalin Amurka waɗanda su ma korarsu aka yi ta yi daga yankin manyan tafkunan arewa har aka tsugunar da su nan. Daga baya gwamnati ta yanka wa kowannensu ɗan fili, ta ce ragowar rara ce. Ranar 22 ga Satumba 1891 aka buɗe wannan rarar ga masu neman gona: aka tara jama'a a kan iyaka, aka ba da alama, kowa ya sheƙa a guje bisa doki ko keken doki, wanda ya riga kafa turke fili ya zama nasa. A cikin wannan rububin aka haifi garin. Sunan kuwa na Marshall Cushing ne, sakataren John Wanamaker, shugaban hukumar gidan waya ta Amurka a lokacin. Layin dogo ya iso wajen 1902, garin ya rayu da noman auduga da kiwo kusan shekara 20 ba wanda ya damu da shi.

Yaushe mai ya shigo cikin labarin?

A watan Maris 1912. Wani mai neman mai da ake kira Tom Slick, wanda ya sha haƙa rijiyoyi suna fitowa a bushe, ya haƙa wata a gonar wani manomi Frank Wheeler, kimanin kilomita 20 gabas da Cushing, mai ya ɓulɓulo. Ana ba da labarin cewa ya rufe bakinsa, ya sa aka yi hayar duk dawaki da kekunan dokin da ke Cushing, don kada abokan hamayya su samu abin hawa zuwa wurin kafin ya gama ƙulla hayar gonakin da ke kewaye. Ko da asirin ya tonu, ya riga ya kwashe rabo mai tsoka. A wurin rijiyar wani sabon gari ya tsiro, shi ne Drumright.

Zuwa 1915 filin man Cushing da Drumright yana fitar da sama da ganga 300,000 a rana, abin da ya sa ya zama kan gaba a Amurka. Man ya fi ƙarfin masu saye, farashi ya zube ƙasa da rabin dala a kan ganga. Dole kamfanoni suka shiga gina tankunan ajiya ba ƙaƙƙautawa, suna shimfiɗa bututai zuwa matatun gabas da na gaɓar teku. Cushing ne gari mafi kusa mai tashar jirgin ƙasa, don haka komai a nan ya taru.

Akwai ɓangaren labarin da bai kamata a tsallake ba. Yawancin rijiyoyin an haƙa su ne a filayen da aka yanka wa 'yan ƙabilar Creek. Ɗaya daga cikinsu, Jackson Barnett, tsoho ne da bai iya karatu ba, ya wayi gari da dukiyar da jaridu suka riƙa kiransa mafi arziki a cikin 'yan asalin ƙasar. Aka naɗa masa mai kula da dukiya, aka yi ta shari'a a kan kuɗinsa har bayan rasuwarsa a 1934. Irinsa suna da yawa, waɗanda arzikin ƙarƙashin gonarsu ya jawo musu 'yan cuta fiye da kwanciyar hankali.

Har yanzu ana haƙo mai ko tace shi a garin?

Haƙowa kaɗan ce ƙwarai, 'yan tsofaffin rijiyoyi ne masu ɗigo. Filin ya fara ja da baya tun kafin 1920. Matatun da suka cika garin a da sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe, matatar Hudson, ta tsaya a 1982. Yau ba a tace ko ganga ɗaya a Cushing.

To in ba mai, ba matata, me ya sa duniya ke ji da shi?

Saboda abin da aka bari a baya: tankuna da bututai. Man ƙasar ya ƙare, amma hanyoyin da aka shimfiɗa masa suna nan, sai aka riƙa turo man wasu wurare ta cikinsu. Bututu kuma bututu yake ja. Duk mai son shimfiɗa sabo zai fi son ya kai shi inda zai haɗu da sauran, don mai sayen mansa ya samu zaɓin inda zai tura shi.

Misalin da ya fi kusa shi ne kasuwar Dawanau ta Kano. Ba a cikin kasuwar ake noma gero da wake ba, amma can sito-sito suke, can manyan motoci ke sauke kaya su ɗauki kaya, saboda haka farashin can ne ake tambaya kafin a yi ciniki a wani wuri.

Abin da ya ɗaure wannan matsayi tamau ya faru a 1983. Shekara biyu kafin nan Shugaba Ronald Reagan ya cire hannun gwamnati daga ƙayyade farashin mai, farashi ya koma hawa da sauka yadda kasuwa ta ga dama. Sai kasuwar hajoji ta New York, wato NYMEX, ta ɓullo da cinikin alkawarin ɗanyen mai a watan Maris 1983, ta kuma zaɓi Cushing a matsayin wurin da za a riƙa miƙa kaya. Tun daga ranar, duk wanda ya ce farashin WTI, abin da yake nufi shi ne kuɗin ganga ɗaya a cikin tanki a wannan garin.

Mene ne WTI, kuma mene ne cinikin alkawari?

WTI gajarta sunan West Texas Intermediate ne, wani nau'in ɗanyen mai mara kauri, mai ƙarancin farar wuta. Matatu suna son irinsa domin yana ba da fetur da man dizal da yawa ba tare da wahalar tacewa ba. Ƙa'idar kasuwar ta ce farar wutar da ke cikinsa kada ta wuce kashi 0.42 cikin ɗari.

Cinikin alkawari kuwa shi ne a yanke farashi yau a kan kayan da za a miƙa wani wata mai zuwa. Takarda ɗaya tana wakiltar ganga 1,000, ganga ɗaya kuma lita 159 ce. Mai rijiya yana sayar da alkawari don ya san abin da zai samu ko da farashi ya faɗi. Matata ko kamfanin jiragen sama yana saye don kada tashin farashi ya shammace shi. Tsakaninsu akwai ɗimbin 'yan kasuwa da bankuna da ba su da niyyar taɓa mai ko kaɗan, riba kawai suke nema a hawa da saukar farashi. Man da ake cinikinsa a takarda kowace rana ya ninka wanda duniya ke ƙonawa sau da yawa.

Sai dai ga sharaɗin da komai ya dogara a kansa. Duk wanda wa'adin takarda ya cika tana hannunsa, dole ya karɓi man na gaske, a Cushing, cikin watan da aka ambata. Ba za a kawo masa gida ba, ba kuma zai zo da tankar mota ya ɗiba ba. Sai ya nuna tankin da ya yi haya ko gurbin da ya kama a bututu. Galibin 'yan kasuwa suna sayar da takardunsu kafin ranar, amma wannan wajibcin ne ya hana farashin takarda ya rabu da farashin kaya. A ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da za a fahimta game da garin.

Ganga nawa tankunan ke ɗauka, kuma na wa ne?

Tankunan ɗaruruwa ne, manyan cikinsu kowanne yana cin sama da ganga 500,000. In aka haɗa su duka sun haura ganga miliyan 90, amma ba a cika tanki maƙil, ba kuma a zuƙe shi ƙarƙaf, don haka abin da ake iya aiki da shi bai wuce miliyan 76 zuwa 78 ba. Wannan ya kai abin da Najeriya ke haƙowa cikin kwana 50 idan tana fitar da ganga miliyan ɗaya da rabi a rana. Matatun Amurka kuwa za su lanƙwame shi cikin kwana biyar.

Kamfanoni ne masu zaman kansu suka mallake su, irin su Enbridge na Kanada, da Plains All American, da Enterprise Products, da Energy Transfer, da ONEOK wanda ya sayi Magellan a 2023. Su masu ba da haya ne. Man da ke ciki na matatu ne da masu rijiyoyi da manyan dillalai.

Shi ne rumbun ajiyar man gwamnatin Amurka?

A'a. Rumbun ko-ta-kwana na gwamnati daban yake, yana cikin kogunan gishiri na ƙarƙashin ƙasa a gaɓar tekun jihohin Texas da Louisiana, kuma ya ninka Cushing girma sau da yawa. Na Cushing kayan kasuwa ne.

Yaya ake sanin yawan man da ke cikin tankunan?

Hukumar bayanan makamashi ta Amurka, EIA, tana fitar da alƙaluma kowace Laraba da ƙarfe 10:30 na safe agogon Washington, wato 3:30 ko 4:30 na yamma agogon Najeriya da Nijar, gwargwadon lokacin shekara. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan farashi ke motsawa.

Masu kuɗi ba sa son jira har Laraba, sai suka samo dabara. Yawancin tankunan rufinsu ba a kafe yake ba, faifan ƙarfe ne da ke yawo a kan man, yana hawa idan an zuba, yana sauka idan an ɗiba. An yi shi haka ne don kada a bar sarari tsakanin mai da rufi inda tururi mai kama wuta zai taru. To idan rufin ya sauka ƙasa, bangon tankin yakan jefa inuwa a kansa, kamar jinjirin wata. Tanki cikakke inuwarsa siririya ce, wanda ya kusa ƙarewa kuwa inuwarsa faffaɗa. Daga hoton tauraron ɗan'adam ana auna wannan inuwar a lissafa gangunan da ke ciki. Wani kamfani mai suna Genscape ya shahara da tura jiragen sama suna shawagi a kan tankunan da kyamarar da ke gane zafi, domin ko tanki mai kafaffen rufi ne, ɓangaren da mai ya taɓa zafinsa ya bambanta da na saman da ba komai. Sai su sayar wa 'yan kasuwa bayanin kwana biyu kafin na gwamnati ya fito.

Wace riba ake samu a ajiye mai a tanki?

Ta danganta da yadda farashin yau yake da na gaba. A ƙaddara ganga tana dala 40 yau, alkawarin wata shida kuma yana dala 46. Dillali zai sayi mai yau, ya zuba a tanki, ya sayar da alkawarin nan take. In hayar tanki da kuɗin ruwan banki ba su kai dala 6 ba, ragowar tasa ce, ba ruwansa da inda farashi zai nufa. A irin wannan yanayi tankuna ke cika, kamar yadda suka kai kusan ganga miliyan 69 a watan Afrilu 2017. Idan kuwa man yau ya fi na gaba tsada, ba mai dalilin ajiyewa, sai kowa ya fitar. A ƙarshen damina ta 2023 abin da ya rage ya sauka zuwa wajen miliyan 22, aka shiga damuwa, domin in ya yi ƙasa da miliyan 20 bakin bututun zuƙa yakan kusa fita daga cikin mai, abin da ke gindin tanki kuma laka ce da ruwa.

Akwai kuma ribar gauraya. Ana haɗa mai kauri mai araha da mara kauri sosai a fitar da abin da ya cika ƙa'idar WTI a takarda. Matatu sun daɗe suna ƙorafin cewa irin wannan haɗin ba ya ba da abin da man asali ke bayarwa, shi ya sa aka ƙara tsaurara gwajin inganci daga 2019.

Da gaske ne farashin mai ya taɓa komawa ƙasa da sifili?

Da gaske ne, kuma Cushing ne sanadi. Ranar Litinin 20 ga Afrilu 2020, alkawarin WTI na watan Mayu ya rufe a kan dala 37 da santi 63 ƙasa da sifili. Ma'ana mai sayarwa ne zai biya mai saye wannan kuɗin a kan kowace ganga don ya raba shi da ita.

Abubuwa uku ne suka haɗu. Annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, buƙatar mai a duniya ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a watan Afrilu bisa ƙiyasin hukumar makamashi ta duniya. A watan Maris kuma Saudiyya da Rasha sun ɓata, kowacce ta buɗe famfo. Ko da ƙungiyar OPEC da ƙawayenta suka sasanta ranar 12 ga Afrilu cewa za su rage ganga miliyan 9.7 a rana, ragin ba zai fara aiki ba sai 1 ga Mayu. Rijiya kuma ba a rufe ta da sauƙi, rufewar tana iya lalata ta, don haka mai ya ci gaba da kwarara ba mai ƙonawa. Ya yi ta taruwa a Cushing har ya kai wajen ganga miliyan 60, ɗan gurbin da ya rage kuma duk an riga an kama hayarsa.

Wa'adin takardun Mayu zai cika ranar Talata 21 ga wata. Ranar Litinin ɗin akwai mutanen da har yanzu takardun ke hannunsu, ba su da tanki, ba su da hanyar samun tanki. Ɗanyen mai ba abin da za ka jibge a bayan gida ba ne, yana da guba, yana kama wuta, zubar da shi kuma laifi ne mai tara mai nauyi. Suka fito sayarwa, masu saye suka noƙe. Farashi ya fara ranar a wajen dala 18, ya gangaro 10, ya gangaro 1, ya tsallake sifili, a cikin mintunan ƙarshe kafin rufewa ya rufta gaba ɗaya. Kamfanin CME, mai kasuwar NYMEX, ya riga ya sanar tun farkon watan cewa na'urorinsa za su karɓi farashin da ke ƙasa da sifili, amma da yawa ba su ɗauka abin zai faru ba.

Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo ƙananan masu zuba jari ne. A ƙasar Sin, dubban mutanen da suka sayi wani tsarin jarin mai ta hannun Bank of China, suna ganin mai ya yi arha, sun kwana sun tashi jarinsu ya ƙone, har ana bin su bashi a kai. Mutane ne da ba su taɓa jin sunan Cushing ba, alhali takardar da kuɗinsu ya rataya a kanta ta ce su karɓi kaya a can.

Washegari takardar ta farfaɗo ta rufe a kan dala 10 da santi 1. Brent kuwa a ranar Litinin ɗin yana wajen dala 25, domin man Brent a bakin teku ake lodinsa, in tankin ƙasa ya cika ana iya hayar jirgin ruwa a ajiye. Cushing yana da nisan kusan kilomita 800 daga teku, ba shi da wannan mafita.

Ke nan an raba fetur kyauta a ranar?

Ko kusa. Abin ya tsaya ne a kan farashin ɗanyen mai kawai, kuma na ɗan gajeren lokaci. Fetur ya yi arha a Amurka a lokacin, amma kuɗin tacewa da dako da haraji suna nan.

Daga ina man ke zuwa, ina kuma yake tafiya?

Yana shigowa daga yankin Permian na yammacin Texas da New Mexico, daga Dakota ta Arewa da Wyoming da Colorado, daga rijiyoyin Oklahoma da Kansas, da kuma lardin Alberta na Kanada. Yana fita zuwa matatun tsakiyar Amurka da na gaɓar tekun Texas. A cikin bututu mai ba ya gudu, saurinsa bai fi na mai tafiya da ƙafa da sauri ba sosai, saboda haka gangar da ta taso daga Alberta takan yi makonni a hanya.

Alƙiblar bututan ta taɓa juyawa, kuma labarin yana da daɗin ji. A da Amurka mai sayen mai ce daga waje, don haka bututun Seaway yana ɗauko man da jirage suka sauke a Texas ya haura da shi arewa zuwa Cushing. Da aka ƙware a fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin ruwa, man cikin gida ya yi ambaliya, ga na Kanada ya ƙaru bayan bututun Keystone ya iso garin a 2011. Mai ya yi ta shiga ba ƙofar fita. A shekarar WTI ya koma ƙasa da Brent da fiye da dala 25 a kan ganga, alhali a da kusan kai ɗaya suke. A watan Mayu 2012 aka juya Seaway ya koma gangarawa kudu. A watan Maris na shekarar Shugaba Barack Obama ya zo yankin, ya tsaya a gaban tarin bututai ya goyi bayan ɓangaren Keystone da zai tashi daga Cushing zuwa gaɓar teku, wanda ya fara aiki a Janairu 2014. Ɓangaren arewa da ake kira Keystone XL, wanda manoma da ƙabilun asali da masu kare muhalli suka yi shekaru suna adawa da shi, Shugaba Joe Biden ya soke lasisinsa ranar 20 ga Janairu 2021.

Me ya kawo girgizar ƙasa a wurin da ba a san shi da ita ba?

Kafin 2009 Oklahoma takan ga girgiza mai ƙarfin maki 3 ko sama sau ɗaya ko biyu a shekara. A 2015 an ƙirga kusan 900. Masana ƙasa sun gano dalili: rijiyoyin mai na yankin suna fito da ruwan gishiri mai yawan gaske tare da man, wani lokaci ganga goma ta ruwa a kan ganga ɗaya ta mai. Kamfanoni suka riƙa ɗura wannan ruwan can ƙasa cikin wani shimfiɗin dutse da ake kira Arbuckle. Matsin ruwan ya ratsa zuwa tsofaffin tsagogin da suka daɗe a kwance, ya sa suka fara zamewa.

Ranar 3 ga Satumba 2016 mai maki 5.8 ta auku kusa da Pawnee, arewa da Cushing, mafi ƙarfi a tarihin jihar. Wata biyu bayan nan, daren Lahadi 6 ga Nuwamba, mai maki 5.0 ta auku a gefen Cushing kansa. Bulo ya zubo daga tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari ya cika titi, gine-gine 40 zuwa 50 suka lalace, aka kwashe tsofaffi daga wani gidan da ake kula da su, aka rufe makarantu washegari. Tankunan ba su fashe ba, Allah ya kiyaye. Hukumar da ke kula da harkar mai a jihar ta ba da umarnin rufe wasu rijiyoyin ɗura ruwa da rage wasu, girgizar kuma ta ragu sosai a shekarun da suka biyo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, labaran duniya a daren sun fi tambayar lafiyar tankuna. Masu shagunan da bangonsu ya tsage su aka bari da neman kuɗin gyara, da yawansu kuma ba su da inshorar girgizar ƙasa, tunda ba a taɓa zaton za a buƙace ta ba.

Ban da girgiza, wane haɗari ke akwai?

Garin yana cikin yankin da guguwa mai juyawa ta fi addaba a Amurka, ga tsawa da ke iya kunna wuta a bakin rufin tanki. Shi ya sa kowane tanki ko rukunin tankuna aka kewaye shi da ganuwar ƙasa da za ta tare man idan ya tsiyaye, kamfanonin kuma suna haɗa kayan kashe gobara suna atisaye tare. Bututai ma suna fashewa: a Disamba 2022 Keystone ya zubar da kusan ganga 13,000 a wani rafi a jihar Kansas, a kan hanyarsa ta zuwa Cushing. Tsohuwar matatar Hudson kuma ta bar gurɓatacciyar ƙasa da sai da gwamnatin tarayya ta sa ta cikin jerin wuraren da ke buƙatar tsaftacewa ta musamman.

Mutanen garin sun yi arziki da wannan harka?

Ba yadda mutum zai zata ba. Tanki ba ya buƙatar ma'aikata da yawa, 'yan mutane a ɗakin na'urori suna iya juya miliyoyin ganguna da bawul masu aiki da lantarki. Aikin da ake samu mai kyau ne, masu walda da masu gyaran famfo da masu auna mai suna samun albashi mai kauri, amma guraben ba su da yawa. Harajin kadarorin da kamfanonin ke biya yana tallafa wa makarantun garin, wannan kam amfani ne na zahiri. Sauran jama'a suna aikin asibiti da shaguna da kiwo da wani gidan yari mai zaman kansa da ke gefen garin, wasu kuma suna zuwa aiki Stillwater inda jami'ar jihar take. Manyan kuɗin da ake samu da sunan Cushing a Houston da New York da Landan da Geneva ake ƙirga su.

Me ya haɗa wannan da Najeriya?

Man Najeriya, irin su Bonny Light da Qua Iboe, da ma'aunin Brent ake sayar da shi, ba da WTI ba. Amma alaƙar tana nan ta hanya biyu.

Ta farko gasa ce. Man Najeriya mara kauri ne mai ƙarancin farar wuta, wato irin wanda ya yi ambaliya a Cushing. Wajen 2010 Amurka tana sayen kusan ganga miliyan ɗaya a rana daga Najeriya. A watan Yuli 2014 ba ta sayi ko ɗaya ba, dole aka koma neman kasuwa a Indiya da Turai. A Disamba 2015 Amurka ta ɗage dokar da ta hana fitar da ɗanyen manta tun shekarun 1970, ta biyo Najeriya har waɗannan kasuwannin. Daga 2023 ma an shigar da nau'in WTI Midland cikin man da ake lissafa farashin Brent da su, don haka man Texas yana da hannu kai tsaye a farashin da ake sayen na Najeriya.

Ta biyu saye ne. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara sayo WTI Midland daga Amurka tun 2024 don cike giɓin abin da take samu a gida. Wannan man galibi daga Permian yake wucewa kai tsaye zuwa tashar jirgin ruwa ba tare da ya bi ta Cushing ba, amma farashinsa a jingine yake da na can.

Rugujewar 2020 ma ba ta tsallake mu ba. Kasafin kuɗin Najeriya na shekarar an gina shi a kan dala 57 kowace ganga, sai da aka sake shi zuwa dala 28.

Garin zai ci gaba da riƙe wannan matsayi?

Ƙarfinsa ya ragu, wannan ba a musu. Tun Janairu 2010 Saudiyya ta daina amfani da WTI wajen sa wa man da take sayar wa Amurka farashi, saboda cunkoson Cushing yana karkatar da shi. Sababbin bututan da aka buɗe a 2019 da 2020 suna kai man Permian kai tsaye Corpus Christi da Houston a gaɓar tekun Texas, ba tare da sun bi ta Cushing ba. Faɗaɗa bututun Trans Mountain a Mayu 2024 ya ba man Kanada hanyar fita ta tekun Pasifik. An kuma ƙirƙiro takardun alkawari da ake miƙa kayansu a Houston, kusa da jiragen ruwa.

Duk da haka 'yan kasuwa suna zuwa ne inda sauran 'yan kasuwa suke, kuma takardar da ake miƙa kayanta a Cushing har yanzu tana cikin waɗanda aka fi ciniki a duk duniya. Matatun tsakiyar Amurka ta nan suke samun mansu, man Kanada mai gangarawa Texas ta nan yake bi, tankunan da bututan kuma an riga an kashe musu kuɗin da ba wanda zai so ya sake kashewa a wani wuri.